Kuɗinsu Ɗaya, Aikinsu Daban: Wace Kwamfuta Ta Dace Da Ɗalibin Bafarawa?

Duk shekara, da zarar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ta saki sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, wata shawara takan tashi a wasu gidaje na Bafarawa da Isa da Sabon Birni: yaro na bukatar kwamfutar tafi-da-gidanka. Kuɗin ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba. Uba ya sayar da buhunan gero ko albasa, uwa ta saki ragon da take kiwo, yayan da ke neman kuɗi a Legas ya turo nasa, kawu ya cika. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun daga watan Yulin 2024, kwamfutar da za ta yi wa ɗalibi aiki na iya cinye albashin ƙaramin ma'aikaci na rabin shekara ko fiye. Irin wannan saye sau ɗaya ake yin sa a tsawon karatu, kuma in aka yi kuskure babu wanda zai sake haɗa wasu kuɗin.

A shagon, ko a cikin garin Sakkwato ne ko a titin Beirut da ke Kano, mai kaya yakan ajiye wa yaro guda biyu da kuɗinsu ya zo ɗaya. Ta farko mai kauri ce, baƙa, madannanta na walƙiya da fitila mai launi, irin su Acer Nitro 5 ko HP Pavilion Gaming, masu ɗauke da katin sarrafa hoto na musamman kamar GTX 1650 wanda kamfanin Nvidia ya fitar a 2019. An ƙera ta ne domin wasan gem. Ta biyu siririya ce, ba ta da ado, irin wadda kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka ke saya wa ma'aikatansu, su yi amfani da ita 'yan shekaru sannan a kwaso ta zuwa kasuwanninmu: HP EliteBook 840, Lenovo ThinkPad jerin T, ko Dell Latitude. Dukkansu na hannu ne, abin da 'yan kasuwa ke kira 'yar Landan. Idon matashi kan ta farko yake sauka, kuma yana da hujjar da ya shirya wa kawunsa tun daga gida.

"Kawu, wagga ta fi ƙarfi. Komi taka yi, karatu da komi."

Gaskiya ya faɗa, ta fi ƙarfi. Amma ga mafi yawan ɗaliban da suka fito daga wannan yanki na Gobir, ta biyun ce ta dace da su, kuma dalilin bai shafi ko wasan gem abu ne mai kyau ko marar kyau ba. Dalilin yana cikin wutar lantarki, da zafin rana, da ƙura, da sabis, da hanyar da ake bi kafin a kai ga mai gyara. Masu sharhin kwamfuta a YouTube suna gwada na'urorinsu ne a ɗakunan da wuta ba ta ƙiftawa, na'urar sanyaya ɗaki na aiki, intanet na gudu. Hukuncinsu daidai ne a can. Wanda zai kunna kwamfutarsa a Bafarawa ko a ɗakin kwanan ɗaliban Jami'ar Ɗanfodiyo a Dundaye yana bukatar ya auna ta da mudun inda yake.

A fara da wuta, don ita ce uwar matsalar. Cajar kwamfutar ofis yawanci wat 45 ne zuwa 65. Ta kwamfutar gem takan fara daga wat 135, wasu su haura 200. Wannan bambanci yana da ma'ana a aljihu. Kwamfutar ofis mai lafiyayyen batir, in karatu ake yi da rubutu, tana iya kai ɗalibi sa'o'i biyar ko shida. Ta gem, in an cire ta daga wuta ana wasa, da wuya ta wuce sa'a ɗaya ko biyu, kuma ko a cikin wannan lokacin takan rage ƙarfinta da kanta, domin batirin ba ya iya ciyar da katin hoton yadda yake so. Wato ƙarfin nan da aka biya kuɗi dominsa ba ya bayyana sai an jona ta da wuta tsayayya.

To ina wutar? Jihar Sakkwato na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna ne, tare da Kabi da Zamfara. Ko a babban birnin jiha wuta zuwa take yi ta ɗauke, balle a garuruwan gabas inda mutane suka daɗe da komawa kan sola da janareta. Kowa na tuna watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta Arewa ta jefa jihohi da dama cikin duhu fiye da mako guda. Janareta kuwa fetur yake sha, kuma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Ɗalibin da ya samu bashin karatu na NELFUND naira 20,000 ake ba shi a wata don ɗawainiyar kansa. A cikinsu zai ci abinci, ya hau kabu-kabu, ya buga takardu, ya sayi data. Babu gurbin fetur ɗin wasa a wannan lissafi.

Akwai kuma wata fa'ida da mutane ba su cika lura da ita ba. Yawancin kwamfutocin ofis da aka ƙera daga 2018 zuwa yau suna karɓar caji ta kafar USB-C, irin wadda ke jikin sababbin wayoyi. Ma'ana, babban fawa bank mai fitar da wat 65 zai iya cajin su. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh na ɗauke da kusan wat-awa 74, batirin EliteBook kuma wajen 50 ne, don haka ko an cire abin da ke salwanta a hanya yana iya cika ta kusan sau ɗaya. Ƙaramin faifan sola da batir a gida, ko rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, sun isa su raya irin wannan kwamfuta. Ta gem kuwa, mai rumfar caji ma yana da hujja in ya ƙi karɓar ta ko ya ninka kuɗi, don ita kaɗai tana jan abin da wayoyi da yawa za su ja. Kwamfutar gem ingarman doki ce: gudunta babu musu, amma sai gidan da dawa ba ta yankewa ke iya riƙe ta.

Sai zafi. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sukan rubuta cewa a yi amfani da su a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A ƙasar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, ma'auni na haura 40 a inuwa, ɗakin da aka rufa da kwano kuma ya fi haka. Kwamfutar gem tana da fanka biyu masu zuƙar iska da ƙarfi don su sanyaya cikinta. Idan iskar da suke zuƙa ita ma zafi gare ta, na'urar sai ta dinga jan birki don kada ta ƙone, wasan ya riƙa tsinkewa. In hunturu ya kama, fankokin nan biyu ƙurar da ke tasowa daga sahara suke tarawa a ciki har ta toshe mafitar iska. Ta hannu da aka riga aka gasa ta shekara uku ko huɗu a hannun wani ɗan wasa a Ingila ta fi shiga haɗari, kuma idan katin hotonta ya ƙone ba a canza shi, domin manne yake da babban allon cikinta. Gyaransa kan kai kusan kuɗin wata kwamfutar.

Nan ne maganar hanya ke shigowa, kuma mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. A watan Satumban 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona saboda 'yan bindiga, ta kuma hana sayar da fetur a jarka. Har yau tafiya daga Isa ko Sabon Birni zuwa Sakkwato abu ne da ake yi da addu'a da lissafin lokaci. Kwamfutar da za ta riƙa neman mai gyara a kai a kai, kowace lalacewarta tafiya ce a kan wannan hanya. EliteBook da ThinkPad da Latitude an shigo da su ƙasar nan da yawan gaske, shi ya sa batirinsu da allonsu da madannansu da cajarsu ba sa wahalar samu, kuma kusan kowane mai gyara ya taɓa buɗe irinsu. Kayan ta gem sau da yawa sai an aika Kano, ko ma Computer Village da ke Ikeja. Ko nauyi ma abin dubawa ne: ta ofis wajen kilo ɗaya da rabi ce, tana shigewa cikin jakar littattafai ba wanda ya san da ita, ta gem ta haura kilo biyu, ga cajarta mai nauyi a gefe.

Sabis shi ne na huɗu. A cikin wannan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Isa da Sabon Birni, bayan an yi haka a Zamfara. Mutanen da ke kusa da iyaka suka koma neman sabis ɗin Nijar don su ji muryar 'yan uwansu. Layukan sun dawo, amma ƙarfinsu a ƙauyuka bai kai na wasan da ake bugawa kai tsaye da mutanen wasu ƙasashe ba. Manyan wasannin zamani kuma cin data gare su ba kaɗan ba. Wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, kamfaninsa ya nemi a tanadar masa gurbin gigabait 100 a kwamfuta, ga sabuntawa da ke zuwa a kai a kai. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Mafitar da yara ke bi ita ce a tura musu wasannin da aka fasa a shago, kuma ta nan ne cutar kwamfuta ke shiga ta cinye aikin kammala karatun da aka yi wata shida ana rubutawa.

Duk da haka, kuskure ne babba iyaye su ɗauki sha'awar gem a matsayin shiririta. Matashin da ya tashi a Isa ko Gatawa ko Bafarawa cikin shekaru goman nan an rage masa abubuwa da yawa na ƙuruciya. Dandali ya yi sanyi, zuwa kallon ƙwallo da dare ya zama abin tunani, akwai gonakin da ba a iya zuwa, akwai abokan da suka yi ƙaura zuwa Sakkwato ko suka tsallaka Maraɗi. Yaron da ya zauna a ɗaki da abokansa biyu suna buga ƙwallo a allo yana cikin aminci, iyayensa sun san inda yake, zuciyarsa kuma ta samu inda za ta huta daga labaran da take ji kullum. Wannan abu ne mai daraja, bai kamata a raina shi ba. Da yawa daga cikin masu gyaran kwamfuta da masu rubuta manhaja ma ta ƙofar wasa suka fara sanin cikin na'ura.

Abin da ya kamata a gane shi ne, zaɓen kwamfutar ofis ba ya nufin an haramta wasa. Wadda ke da RAM gigabait 16 da furosesa Intel ƙarni na 11, ko AMD Ryzen 5 mai hoton Radeon a cikinsa, tana buga tsofaffin wasannin ƙwallo na PES lafiya lau, tana buga GTA V in an rage ƙawar hoton, da tarin wasu wasanni masu sauƙi. Sannan wasannin da matasan Arewa suka fi bugawa a yau, irin su Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty Mobile da eFootball, a waya ake buga su, kuma wayar tana aljihunsa tun kafin a yi maganar kwamfuta. Abin da zai rasa shi ne sababbin manyan wasanni da cikakkiyar ƙawarsu, waɗanda ko ya sayi ta gem ɗin ma, wuta da zafi da data ba za su bar shi ya more su ba sai jefi-jefi.

Akwai ɗaliban da wannan shawara ba ta hau kansu ba, kuma adalci ne a ware su. Mai karanta zanen gine-gine, ko injiniyan da zai yi aiki da manhajoji irin su Revit da SolidWorks, ko wanda ya ƙudurta neman abinci da tace bidiyo, katin hoto a wurinsa kayan aiki ne kamar garma a wurin manomi... sai dai shi ma ya kamata ya fara tambayar 'yan aji uku da aji huɗu na sashensa irin na'urar da suke amfani da ita, kuma ya sa kuɗin sola ko inbata cikin lissafin tun farko. In kuɗin ba za su ɗauki duka biyun ba, ya fara da ta ofis, ya yi aikin da ya fi nauyi a ɗakin kwamfutar sashe. Mai karanta shari'a, ko aikin likita, ko ilimi, ko Hausa, ko Larabci, ko lissafin kuɗi, ko aikin gona, har ma da mai karanta kimiyyar kwamfuta a shekarunsa na farko, abin da zai yi shi ne rubutu, karanta littattafan da aka tura masa, shirya jawabi, rajistar kwas da koyon rubuta manhaja. Duk waɗannan batir suke so da allo mai daɗin kallo da madannai masu ƙwari.

Zaɓen iri shi ne rabin aiki. Sauran rabin yana wurin duba ita kanta na'urar, domin a kasuwar kayan hannu nan ne ake kayar da baƙo. Abu na farko da ake ruɗin mutane da shi shi ne tambarin Core i7. Mai kaya zai nuna shi yana cewa, "Alhaji, wannan ai babbar ce." Sunan kaɗai ba ya nuna komai sai an duba ƙarninta. A lamba kamar i5-8350U, takwas ɗin farko shi ne ƙarni na takwas. A i5-1135G7, sha ɗayan farko shi ne ƙarni na sha ɗaya. Core i5 na ƙarni na sha ɗaya ya fi i7 na ƙarni na shida irin na siraran kwamfutoci nesa ba kusa ba. Wannan ya ƙara muhimmanci domin Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, kuma Windows 11 a hukumance daga Intel ƙarni na takwas yake farawa. Kwamfutocin da kamfanonin waje ke zubarwa saboda wannan dalili kasuwanninmu suke nufowa, da fenti mai sheƙi da farashi mai jan hankali. Duk wadda ta gaza ƙarni na takwas, a bar ta a shagon.

Batir kuma ba a yarda da baki a kansa. Windows na da umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, wanda ke fitar da rahoton ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma wanda ya rage masa yanzu. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari, a nemi ragin kuɗin sabon batir ko a canza wata. A tabbatar ma'ajiyarta SSD ce, aƙalla gigabait 256, an fi son 512. A tambaya ko ana iya ƙara mata RAM: ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 suna da gurbi biyu, amma wasu sirara an manne musu shi, yadda aka saya haka za a ƙare. A shiga BIOS a ga ko ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin wasu na zuwa da makullin kamfanin da ya yi amfani da su. A danna kowane harafi, a gwada kowace kafa da filas, a kunna kyamara, a bar ta tana aiki rabin sa'a a ji ko fankarta na kuka. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da adadin kwanakin da mai kaya ya yarda a dawo da ita. Wanda zai koma Bafarawa gara ya kwana biyu a gari yana gwada ta kafin ya hau mota, domin garantin mako ɗaya ba ya amfanar wanda ke ƙarshen hanyar Isa. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida ne, kuma a nan nagartar ana iya auna ta kafin a biya.

Akwai wani dalili da ya sa wannan zaɓi ya wuce na yaro ɗaya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ta fara hakan ga masu zaman kansu a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyar mayar da jarrabawar kammala sakandare kan wannan tsari. Yara da yawa a ƙauyukan Isa da Sabon Birni ba su taɓa dafa linzamin kwamfuta ba sai ranar da suka shiga ɗakin jarrabawa, suna gogayya da ɗan Abuja da ya tashi da ita a gida. Kwamfutar da ɗalibi zai dawo da ita hutu, sau da yawa ita kaɗai ce a gidan, wani lokaci a unguwar baki ɗaya. A kanta ƙanensa zai koyi buga haruffa, ƙanwarsa ta gwada tambayoyin JAMB na shekarun baya, malamin firamaren da ke maƙwabtaka ya shirya sakamakon ɗalibansa. Na'urar da ƙaramin faifan sola zai iya cika ta, ta kuma yi sa'o'i ana karɓa-karɓa a kanta, ita ce za ta iya ɗaukar wannan hidima.

Saboda haka kawun da aka ɗora wa rakiyar yaro zuwa kasuwa kada ya tsaya a kan "wacce ta fi ƙarfi". Ya tambayi mai kaya wat nawa ne cajarta, ko tana karɓar caji ta USB-C, ƙarni na nawa ce, nawa ya rage a batirinta, kuma in allonta ya fashe ko akwai shi a Sakkwato. Ya tambayi yaron kuma, cikin lalama, wane kwas zai karanta da wace manhaja aka ce masa zai bukata. In amsar ba ta ƙunshi zane ko tace bidiyo ba, su ɗauki ta ofis, su cika mata RAM zuwa 16, abin da ya saura a sayi fawa bank mai wat 65, da filas na ajiye kwafin aiki, da madannin wasa guda biyu don shi da abokinsa.